Yadda Mai Hanci Ya Yi wa Kansa Magani

Ranar Talata ce, ana yayyafi, gari ya yi luf. Ina rumfata ina yankan makulli sai ga matar ɗan ƙanwata, lema a hannu, fuska ba walwala. Ta gaishe ni, na amsa.

"Kawu, ka kai ɗanka asibiti. Ni dai na gaji."

"Me ya same shi?"

"Hancin nan. Tun bara iska ba ta bi ta cikinsa ba. Da baki yake numfashi kamar kifi a tudu. Kullum goshi na ciwo. In ya kwanta kuwa, minsharinsa har maƙwabta sai sun buga bango. Jiya madara ta lalace, ya shanye ta tas, ya ce a ƙaro."

Mijin nata shi ne mai haɗa turare a shagon Hajiya, jikin rumfata. Aikinsa ya ɗiga wannan mai a kan wancan, ya shinshina, ya ce ya yi ko bai yi ba. Da can ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma bakinsa ya fi hancinsa aiki. Shi ya laƙaba wa kansa suna Mai Hanci, sai ka ce mu sauran da kunne muke numfashi. Yakan ce in mutum ya wuce ta bakin titi, zai faɗa maka sabulun da ya yi wanka da shi, da wanda aka wanke masa riga.

Matar ta rage murya ta gaya min sauran. Ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari, ko kaɗan. Da ido da hadda yake aiki. Ya san mazaunin kowace kwalba a kan kanta, ya san launin kowane mai. Sai ya buɗe, ya lumshe ido, ya ja dogon numfashi saboda masu kallo. Hajiya ba ta sani ba, don a wani shagon nata take wuni, jefi-jefi take leƙowa. Ranar da ta gane, teburin haɗi ya bar hannunsa ke nan. Ba shi da wata sana'ar, ga 'ya'ya cike da ɗaki.

Na rufe rumfa. Na leƙa shagon na ce ya raka ni asibiti, ƙafata na ciwo. Sai da muka zauna a benci na ce masa shi za a duba. Ya miƙe, na riƙe masa riga.

Likitar mace ce, ba ta kai shi shekaru ba. Ta zura wani siririn ƙarfe mai fitila a hancinsa, hoton ciki ya fito a allo. Muka ga wasu abubuwa fari-fari sun yi cunkus kamar ɓararrun 'ya'yan inabi.

Ta ce, "Wannan tsiron nama ne. Ya toshe hanya. Ramukan da ke bayan kumatu da goshi sun cika da majina, ba ta da mafita. Shi ya sa kai ke ciwo, shi ya sa ba ka jin ƙamshi."

"Wa ya ce ba na jin ƙamshi?"

Ta buɗe wata kwalba ta kai masa hanci. Ni da nake gefe sai da na kau da kai.

"Me ka ji?"

Ya ƙara shinshinawa. Can ya ce, "Yau dai mura nake yi."

Ba ta yi masa dariya ba. Ta rubuta maganin feshi, ta ce kaɗan safe da yamma. Ta nuna masa yadda zai riƙa wanke hancin da ruwan gishiri. Sannan ta ce yadda naman ya cika haka, da wuya a tsallake aiki. Ta cikin hancin za a shiga, ba a tsaga fuska. A sa shi barci, a cire naman, a buɗe hanyoyin. Bayan nan sai ya yi makonni bai kusanci turare ko ƙura ba, kuma ba fyace hanci da ƙarfi.

Na ce, "Ƙamshin zai dawo?"

"Sau da yawa yana dawowa, Baba. Ba na yin alkawari. Amma jinkiri ba ya taimakonsa."

Muna fita ya fara.

"Kawu, ka ji yarinyar nan? Hancin da ke ciyar da gida guda, shi za ta shiga da almakashi? Kuma makonni ba shago, in ce wa Hajiya me? Ni da nake haɗa mai iri-iri ya zama ƙamshi ɗaya, maganin hanci ne zai gagare ni? Ka zuba ido. Da kaina zan buɗe shi, in koma in nuna mata. Daga nan in ɗura maganin a kwalabe in sayar. Rabin garin nan da toshewar hanci suke kwana."

"Ka dai yi abin da ta ce."

"Zan yi. Amma zan gyara mata shi."

Mai cika baki ba ya iya riƙe sirri, ko da nasa ne. Kafin la'asar ya tsallaka wurin wani tela da ke fuskantar mu, ya gaya masa yana binciken maganin hanci saboda wani abokinsa.

Tela ya dube shi ta saman tabarau. "Abokin nan naka, shi ma da baki yake numfashi?"

"Haka."

"Yana da gemu irin naka?"

"Ina ruwanka da gemunsa?"

"Ba komai. Ka gaishe shi."

Da feshin ya fara. Ya ce abin da kaɗan zai yi a wata, da yawa zai yi shi a yini. Ya shige bayan rumfata ya juye kwalbar duka a hanci kafin rana ta take. Ba a jima ba haɓo ya ɓalle. Ya fito da tsumma a hanci, kai sama, yana laluben hanya.

Tela ya ɗaga murya. "Mai Hanci, abokin naka ne ya naushe ka?"

"Mugun jini ne ke fita. Alamar nasara ce."

"Allah ya ƙara nasara. Amma matsa daga gaban yadin mutane."

Da jinin ya tsaya sai ya koma kan ruwan gishiri. Likita ta ce a tafasa ruwa ya huce, a sa ɗan gishiri, a matsa a hankali da 'yar roba, ya shiga ta wannan ƙofa ya fita ta waccan. Shi ya ce bututun da ya toshe ba a lallashinsa. Ya ga yadda mai gyaran famfo ya buɗe musu kwatar gida, da ƙarfi aka yi. Ya aro famfon keke a wurin mai faci, ya zuƙo ruwan da ya dama wa gishiri har ya yi kauri, ya cusa bakin robar a hanci.

"Kawu, kai za ka danna."

"Ba ni ba."

"Sau ɗaya tak."

"Na ce ba ni ba."

Ya kira mai faci. Shi kuwa mai faci hannunsa bai san hanci ba, taya ya sani. Ya taka gindin famfon ya danna da dukan ƙarfinsa. Ruwa ya je ya tarar da ƙofa a rufe, ya nemi wata hanyar. Wani ya dawo ta baki, wani ya shige kunne, idanu suka kawo ruwa suka yi jajir. Mai Hanci ya daka tsalle ya yi karo da allon makullaina. Makullan mutane suka watse har cikin kwata.

Mai faci ya ce, "In ƙara?"

Bai ji ba. Kunne ya toshe. Ranar nan duk wanda ya shiga shagon da ihu aka yi masa ciniki. Wata mata ta tambayi turaren da ba shi da ƙarfi, ya daka mata tsawa ya ce ƙarfe nawa kuma, ai ga agogo can. Ta fita tana waige.

Tela ya tsallako ya taya ni tsince makullai. Ya ce, "An ce hanci bai san daɗin gishiri ba. Na ɗanka yau ya sani."

Na ce, "Tsinci ka yi shiru."

Hajiya ta leƙo da yamma ta ga idanunsa. Ya ce mata wani sabon mai yake gwadawa, mai ƙarfin gaske. Ta ce ya riƙa yi a hankali, hancin nan shi ne jarinsu. Ya ce ƙarfe biyar saura.

Ranar hutu da rana na je gidansu in ga inda aka kwana. Gidan haya ne, tsakar gida ɗaya, ɗakuna kewaye. Na tarar da shi a tsakiya ya durƙusa, ya lulluɓa da bargo, yana sirace. Kowa ya san ana sauke tukunya kafin a shiga bargo. Shi ya ce nan ne mutane ke kuskure, zafin raguwa yake yi. Don haka ya bar tukunyar a kan murhun gawayi, ya rufe kansa da su duka. A ciki ya zuba man zafi, da barkono, da citta, da wani ganye da shi kansa bai san sunansa ba. Maƙwabta sun fito ƙofar ɗakunansu suna tari.

Daga cikin bargo muka ji shi. "Yana buɗewa! Wallahi yana buɗewa!"

Wata tsohuwa da ke ɗakin ƙarshe ta ɗaga kai. "Wa ke ƙona tsumma?"

Muka duba. Gefen bargon ya sauka kan gawayi, hayaƙi na tashi, wuta ta fara bin sa. Aka yi ta kiransa. Ya ce kada a dame shi, yana kan gaɓa. Matarsa na wanki a gefe. Ta ɗauki bokitin ruwan sabulu ta sheƙa masa gaba ɗaya.

Ya fito yana haki. Fuska ta yi ja, fatar hanci ta saluɓe, gemu ya tafi gefe guda.

"Wa ya ce ki zuba? Saura kaɗan fa!"

"Wuta ce a jikinka!"

"Na sani. Tun ɗazu na ji ƙaurin. Ina sane."

Tsohuwar ta ce, "Ka ji ƙauri ka zauna? To, ɗan nan, ba hanci kaɗai ke damunka ba."

Na ja shi gefe. Na ce wanda bai ji bari ba, ya ji hoho, ya koma wurin likita. Ya ce duk waɗannan share fage ne, yanzu ya gano inda matsalar take. Naman ba ya son tsoratarwa, narkar da shi za a yi. Kuma narkarwa aikin mai ne, mai kuwa fagensa ne.

Ya daka tafarnuwa, ya matse albasa, ya zuba man kifi, ya ƙara wasu abubuwan da ya ce sirrin sana'a ne. Ya ɗura a kwalba, ya toshe ya ajiye a kan rufi, rana ta yi ta dukan abin kwana da kwanaki har ya yi launin zuma mai duhu. Kowace safiya sai ya ɗiga a hanci. Ranar da ya fara buɗe kwalbar a ɗaki, matarsa ta kwashi 'ya'ya ta fito tsakar gida. Ta ce ko ita ko kwalbar. Maƙwabta suka ce su ma haka.

Sai ya kawo ta shago. Mai turare ba ya yar da kwalba. Akwai wata da ta ƙare, irin ta mai mafi tsada a shagon, mai kaurin gilashi, murfinta na kamawa gam, da ɗan sandan gilashi a jikin murfin na shafa wa mai saye. Ya ɗura maganin a ciki, don ita ce ba ta fitar da wari. Mai tsadar na gaske yana farkon kanta. Wannan ya ajiye ta a ƙarshe.

Na ce, "Sa mata alama."

"Haba Kawu. Ni zan rikice tsakanin turare da tafarnuwa?"



Ana haka Hajiya ta samo babban ciniki. Manajan wani otal zai zo ya zaɓi turaren da za a riƙa sa wa ɗakunan baƙi, duk wata a kai musu. Ranar ta zo da wuri, ta share shagon da kanta, ta goge kantar turare, ta sauke kwalabe ta jera su sabon jeri, dogaye da dogaye, gajeru da gajeru. Ta ga kwalabe biyu iri ɗaya, launi ɗaya, ta haɗa su wuri guda a tsakiya don su yi kyau.

Mai Hanci ba ya nan. Ya tafi wurin mai aski a daidaita masa gemu. Da ya shigo, manajan har ya zauna, mutum mai jiki, da kwat mai ruwan toka, yana duba agogo.

Hajiya ta ce, "Yauwa, ga gwanin namu. Duk garin nan ba hanci irin nasa. Ɗauko masa na musamman ɗin."

Ya juya ga kanta ya tsaya. Ina kallonsa daga ƙofa. Ga tagwaye nan a jere. Ya dubi ta dama, ya dubi ta hagu. Gumi ya tsatso masa a goshi. Ya waigo ya dube ni. Ni ma ban sani ba. Magana ɗaya ce za ta fid da shi: Hajiya, zo ki shinshina min. Na ga bakinsa ya motsa. Sai ya gyara wuyan riga, ya miƙa hannu ya ɗauki ta dama kamar da ma ita yake nufi.

Al'adarsa in zai buɗe turare, ido yake fara rufewa. Ya lumshe, ya zare murfi.

Ni da nake ƙofa sai da na ja da baya. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kuma na taɓa zama kusa da mahauta. Hajiya ta damƙe hanci da mayafi, magana ta ƙi fita. Shi kuwa ido rufe, ya kai kwalbar hanci, ya ja dogon numfashi, ya yi murmushi.

"Ranka ya daɗe, ka ji wannan? Da farko furen wardi ne zai gaishe ka. Ka ɗan jira, sai ka ji itacen ƙamshi na tasowa daga ƙasa, a hankali, kamar mai sallama."

Ya laluba ya kamo hannun manajan. Ya shafa masa a bayan hannu. Ya shafa a hannun kwat. Mutumin na ja, shi yana riƙewa.

"Kada ka yi sauri, ranka ya daɗe. Sai ya zauna a fata yake faɗin gaskiyarsa."

Don girmamawa ya ƙara tsoma sandan ya goga masa a wuyan kwat, dama da hagu. Ragowar ya shafe a nasa gemun. Sannan ya buɗe ido. Ya ga hawaye na zuba a fuskar manajan.

"Haka yake sa mutane. Wani har kuka ya yi da murya."

Manajan ya fizge hannu, ya yi waje yana kakari, ya tuɓe kwat ɗin a tsakiyar titi ya riƙe shi da yatsu biyu. Daga tsallake tela ya fito da ƙyalle a hanci.

"Jama'a, wace kwata ce ta fashe?"

Mai faci ya zo, masu shagunan layin suka zo, masu wucewa suka tsaya daga nesa. Ƙudaje suka riga kowa shiga. Direban manajan ya ƙi yarda a sa kwat ɗin cikin mota, sai a but aka jefa shi. Suka tafi ba sallama.

Hajiya ta fito ƙofar shago don ta sami iska. Ta ce ya fito da kwalbar. Ya fito. Mutane suka buɗe masa fili.

"Mene ne a cikin nan?"

"Hajiya, mutumin nan bai san turare ba. Irin waɗannan sun saba da na feshi mai araha."

"Shinshina ka faɗa min abin da ka ji."

Ya dubi jama'a. Kowa ya toshe hanci. A nan ne na ga ya fara zargin wani abu. Amma baki ya riga ya saba. Ya shinshina ya ce, "Wardi. Sai dai ya ɗan kwana biyu."

Layin ya ɗauki dariya. Mai faci har da zama a ƙasa.

Tela ya ce, "Maganin abokinsa ne, Hajiya. Wani abokinsa mai toshewar hanci. Tare suke kwana, tare suke tashi, riga ɗaya suke sawa."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta juyo gare ni.

"Baba, kai ba ka ƙarya. Tun yaushe?"

Ya dube ni. Na dubi ƙasa. Na ce, "Tun bara."

"Tun bara! Tun bara kurman hanci ke haɗa min turare? Shi ya sa mata ke dawo min da kaya, ni kuma ina ta zagin masu kawo mai!"

"Hajiya, saura kaɗan ya buɗe. Jiya ma na ji kamar iska ta..."

Ta miƙa hannu. "Makullin kanta."

Ya tsaya.

"Makulli na ce."

Ya ciro ya ba ta. 

Ta ce, "Teburin nan ba ka ƙara taɓa shi sai likita ta buɗe hancin nan, ni kuma na gwada ka da kaina, idona buɗe. In ya dawo, wurinka na nan. Amma ba zan jira har abada ba, akwai masu hanci a gari. Ɗauki abinka ka bar min layi."

Ya toshe kwalbar ya tafi. Ya tsayar da tasi, direban ya rage gudu, ya shaƙa, ya ƙara wuta. Da ƙafa ya koma gida, kyanwoyi biyu na biye da shi.

Washegari da sassafe ya buga min ƙofa, 'yar jaka a hannu.

"Kawu, mu je."

Na sa takalmi. A asibiti muka zauna a benci muna jiran layi. Kusa da shi akwai wani mutum, baki buɗe, yana numfashi irin nasa. Mutumin ya ce shi ma an ce sai an yi masa aiki, kuma tsoro yake ji.

Mai Hanci ya gyara zama, ya dafa masa kafaɗa.

"Kada ka ji komai, ɗan'uwa. Ni da kake gani na bi duk sauran hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, da gangan, don in tabbatar. Aikin nan shi ne kaɗai mafita. Yanzu ma shiga zan yi in faɗa wa likitar haka, ta sami ƙarfin gwiwa. Yarinya ce, tana bukatar wanda ya san hanci a kusa da ita."

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce mai bi ya shigo. Ya miƙe, ya yi taku biyu, ya dawo ya kama hannun rigata.

"Kawu, tare za mu shiga."